'YAR'ADUWA: DAGA GINDIN ITACE ZUWA SUNAN GIDA

1. Gabatarwa



Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu wata tambaya ce da aka yi mini a Ingila cikin watan Mayu na 2010, sa'ad da na ke karatun digiri na uku. A makon ne Allah ya yi wa Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa rasuwa, jaridu kuwa suna ta ambaton sunansa. Sai wata Baturiya mai koyon Hausa ta tare ni, ta ce an koya mata cewa 'yar tana nufin ɗiya mace, to, yaya aka yi namiji ya zama ɗiyar wani, kuma wane ne wannan Adua ɗin? Na yi dariya, na ce mata ai sunan unguwa ne a birnin Katsina. Ta ce to, me ya sa aka kira unguwar haka, kuma yaya aka yi sunan unguwa ya zama abin gado daga uba zuwa ɗa? Tambayarta ta biyu ita ce za mu bi a yau.

Niyyata ita ce mu ɗauki wannan suna guda ɗaya mu feɗe shi, mu ga ma'anarsa da hanyar da ya biyo, sa'an nan mu gwada abin da muka koya a kan sunayen ƙasar Kankiya da Kusada. Maganar ta shafi kowa a nan, don kuwa a yau babu takardar makaranta, ko ta banki, ko ta fasfo, wadda ba ta tambayar mutum sunan iyalinsa, alhali kuwa kakanninmu ba su san wannan abu ba.

2. Yadda Bahaushe ya ke bambanta mutum da mutum

Bahaushe yana da sunan yanka, wanda liman ke raɗawa ran bakwai, kuma galibinsa daga sunayen annabawa da sahabbai ne. Da ya ke waɗannan sunaye ba su da yawa, a kan sami Muhammadu goma a unguwa ɗaya, dole a nemi abin da zai raba su. Hanya ta farko ita ce jingina mutum ga mahaifinsa ko ga wanda ya rene shi, kamar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ko Alhassan Ɗantata, wanda aka jingina shi ga Tata, matar da ta rene shi. Wannan hanya ta dace da umurnin da ke cikin aya ta 5 ta Suratul Ahzab, na a riƙa danganta 'ya'ya ga ubanninsu. Hanya ta biyu laƙabi ce, ko na ranar haihuwa kamar Ɗanladi da Balarabe da Talatu, ko na jerin haihuwa kamar Dikko da Sambo, waɗanda a Fulatanci su ke nufin ɗan fari da mai bi masa. Ta uku sana'a ce ko sarauta. Waliyyin Katsina da mu ke kira Ɗan Marina, a littattafan Larabci Ibnus Sabbag a ke rubuta shi, watau ɗan mai rini.

Hanya ta huɗu ita ce jingina mutum ga wuri, kuma ita ma daɗaɗɗiya ce. Sarkin Katsina na farko bayan jihadi Ummarun Dallaje ne, Dallaje kuwa gari ne, daga gare shi aka sami Dallazawa. Malamin nan masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741, Muhammadu ɗan Muhammadu, Larabawa Alkashinawi suka kira shi, watau Bakatsine, kamar yadda suka kira Imamu Buhari da sunan garin Buhara.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan sunaye na mutum ɗaya ne, in ya mutu su kan bi shi. Ɗan Audu Maƙeri in ya zama malami, Malam Sani za a ce da shi. Abin da a ke gada shi ne asali, watau a ce wane Basulluɓe ne ko Badallaje, amma ba a liƙa wannan a ƙarshen sunan kowa.

3. Rajistar makaranta

Sauyi ya zo ne tare da takardun Turawa. Hans Vischer, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina kuwa ta fara aiki a 1921, tana tattara yara daga larduna dabam-dabam. Malamin da ke riƙe da rajista ya saba da suna biyu ga kowane yaro, kuma ga Abubakar uku a aji ɗaya. Sunan uba bai warware matsalar ba, don shi ma Muhammadu ne ko Usman, ga kuma kunyar da ke hana yaro ambaton sunan mahaifinsa a gaban jama'a. Sai aka koma ga garin da yaro ya fito. Ta haka aka sami Ahmadu Rabah, wanda daga baya ya ɗauki sunan kakan mahaifinsa ya zama Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam Kagara, da Isa Kaita, da Sa'adu Zungur, da Aminu Kano, da Shehu Shagari.

A nan akwai wata ƙa'ida da na ke so ɗalibai su riƙe: gwargwadon nisan mutum da gida, gwargwadon girman wurin da a ke jingina shi gare shi. Yaron Kafin Soli in ya zo makaranta a Kankiya, Musa Kafin Soli ne. In ya wuce birnin Katsina, yana iya zama Musa Kankiya. In ya shiga soja aka kai shi Ikko, sai ka ji Musa Katsina, kamar yadda ɗan Sarki Usman Nagogo ya zama Hassan Usman Katsina. In kuwa zuriyarsa ta zauna a Makka, Hausawi za a kira su, kamar yadda a ke gani a sunayen wasu 'yan ƙwallon Saudiyya. Dalili kuwa a fili ya ke, suna ba ya bambanta mutum sai in waɗanda ke kewaye da shi ba su da irinsa.

In muka juya ƙa'idar, za mu gane abin da ya sa 'yan birni ke amsa sunan unguwa. Yaron da aka haifa a birnin Katsina, ya yi makaranta a birnin Katsina, in an ce masa Musa Katsina ba a faɗi kome ba. Sai a sauko ga unguwarsa. Shi ya sa a Katsina mu ke da masu amsa Rafindaɗi da Saulawa, a Kano kuma mu ke da Alhaji Tanko Yakasai da Farfesa M. K. M. Galadanci. 'Yar'aduwa tana cikin wannan rukuni, unguwa ce a cikin birnin Katsina, kuma ƙanƙantar unguwa a kan gari ita ta sa masu amsa sunan ba su da yawa.

4. Feɗe kalmar

Na taɓa jin fassara uku da a ke yi wa sunan. Ta farko ita ce ta Baturiyar nan, watau ɗiyar wani mai suna Adua. Ta biyu na ji ta a bakin wasu 'yan kudu da ma wasu yaranmu, wai 'yar addu'a ce, watau ɗiyar da aka samu bayan roƙon Allah. Ta uku ita ce 'yar aduwa, ƙaramar bishiyar aduwa. Bari mu auna su.

Fassara ta biyu tana da daɗin ji, amma kunne ya ƙaryata ta. Addu'a kalma ce da aka aro daga Larabci, tana da d biyu, kuma akwai hamza tsakanin u da a. Bakatsine kuwa in ya ambaci unguwar, d ɗaya a ke ji, sa'an nan w ta biyo baya, a-du-wa. Abin da ya kawo ruɗani shi ne rubutun Turawa, waɗanda suka saba yar da w da y in sun faɗo tsakanin wasula biyu. Yadda suka mai da Zariya Zaria, da Funtuwa Funtua, da Kankiya Kankia, haka aduwa ta koma adua. Wanda bai taɓa jin sunan a bakin masu shi ba, ya gan shi kawai a jarida an rubuta Yar'Adua, shi ne zai karanta addu'a.

Fassara ta farko kuwa ta san rabin aikin kalmar 'yar ne kawai. Gaskiya ne asalinta ɗiya ne, kuma har yanzu a Katsina da Sakkwato da Maraɗi ɗiya a ke cewa. Amma ɗan da 'yar da 'yan suna da wani aiki na nuna ƙanƙanta, kamar ɗan littafi, da 'yar kasuwa, da 'yan kwanaki. Jinsin kalmar da ta biyo baya shi ke zaɓen wadda za a sa. Aduwa tamata ce, shi ya sa aka ce 'yar aduwa, da rimi ne da ɗan rimi za a ce. Ke nan macen da ke cikin sunan bishiyar ce, mai amsa shi kuwa namiji ko mace duka ɗaya ne.

Sa'an nan ku duba alamun nan biyu da ke saman sunan, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ɓangare ce ta baƙin 'y, wanda ya bambanta 'ya'ya da yaya, wanda kuma a Jamhuriyar Nijar a ke rubuta shi da ƙugiya. Ta biyu hamza ce. Duk kalmar Hausa da a ke rubutawa da wasali a farko, a baki da hamza ta ke farawa, in aka haɗe ta da wata kalma sai a nuna hamzar don kada a karanta yaraduwa. Rubutun Turanci ya yar da ta farko ya bar ta biyu, na'urorin ofisoshi kuwa sau da yawa dukansu su ke yarwa.

Ita kanta aduwa ba baƙuwa ba ce ga kowa a wannan ɗaki. Masana tsirrai suna kiranta Balanites aegyptiaca, Fulani su ce tanni, kuma J. M. Dalziel ya sa ta a littafinsa na sunayen tsirran ƙasar Hausa na 1916. Tana fitowa tun daga Senegal har Sudan da ƙasar Larabawa, an ma tarar da 'ya'yanta a kaburburan Misira na zamanin Fir'auna. Bishiya ce mai dogayen ƙayoyi, mai jure fari, wadda ke riƙe ganye da rani sa'ad da awaki da raƙuma ba su da abin ci. Yara na tsotsar 'ya'yanta masu zaƙi haɗe da ɗaci, a kan fasa ƙwallon a tatsi mai, a kan dafa dubagira a yi kwaɗo, masassaƙa kuma na yin ƙota da allo da icenta. Bishiyar da ke da wannan amfani ba a cika sare ta ba, in kuwa ta daɗe a wuri sai ta zama alamar kwatance.

Wannan ita ce hujja ta ƙarshe, watau cewa fassara ta uku ta dace da ɗabi'ar Bahaushe wajen raɗa wa wuri suna. A Kano akwai Kurna, da Ɗorayi, da Tsamiyar Boka, da Durumin Iya, da Ceɗiyar 'Yan Gurasa, da Rimin Gado. A Jihar Katsina akwai garin Rimi. Mutane kan ce mu haɗu a gindin kaza, in gidaje suka kewaye wurin sai sunan bishiyar ya zama na unguwar. Ba mu kaɗai ba ne a wannan, Ingilishi masu amsa Nash da Noakes, asalin sunayensu kwatance ne na mutumin da gidansa ke gindin wata bishiya.

5. Yadda ya zama sunan gida

Sunan wuri ba ya zama sunan iyali sai ɗa ya gaje shi a takarda. Alhaji Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya yi aikin koyarwa, ya gaji mahaifinsa Malam Umaru a sarautar Mutawallin Katsina, watau mai riƙon baitulmali, ya kuma zama Ministan Harkokin Ikko a Jamhuriya ta Farko, wadda ta faɗi a 1966. Ya rasu a 1993. A wurinsa sunan kwatance ne, Musa na unguwar 'Yar'aduwa.

'Ya'yansa ne suka mai da shi gado. Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda aka haifa a 1943, ya zama na biyu a gwamnatin soja daga 1976 zuwa 1979, ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. Umaru Musa 'Yar'aduwa, haihuwar 1951, ya yi gwamnan Jihar Katsina daga 1999 zuwa 2007, ya yi shugabancin Nijeriya daga 2007 har rasuwarsa ran 5 ga Mayu 2010. Ku duba ginin sunayen nan, kashi uku ne: sunan yanka, da sunan uba bisa tsohuwar al'ada, da sunan unguwa a gurbin da takardar Turawa ta tanada. Da aka fara kiran matar Shugaba Umaru da Turai 'Yar'aduwa kuwa, sai aikin ya kammala, don ɗaukar sunan miji al'adar Turawa ce tsantsa.

Daga nan sai sunan ya sake komawa kan wurare. Jami'ar Jihar Katsina da filin jirgin saman Katsina suna amsa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, a Abuja kuma akwai cibiyar tunawa da Shehu Musa 'Yar'aduwa. Bishiya ta ba unguwa suna, unguwa ta ba mutum, mutum ya ba zuriyarsa, zuriyar kuma ta ba gine-gine. A Turkiyya sai da aka kafa doka a 1934 kafin kowa ya ɗauki sunan iyali. Mu a nan ba wata doka da aka kafa, rajista da fom ne suka yi aikin sannu a hankali, shi ya sa kowane gida da irin hanyar da ya bi.

6. Gwaji a ƙasar Kankiya da Kusada

Yanzu bari mu komo gida. Sunayen wuraren wannan yanki da mutane ke amsawa kashi uku ne ta fuskar mai bincike. Kashi na farko ma'anarsu a buɗe ta ke. Rimaye, a ƙasar Kankiya, jam'in rimi ne, bishiyar nan mai tsawo wadda a ke cusa matashin kai da audugarta, don haka mai amsa Rimaye da mai amsa 'Yar'aduwa tafiyarsu ɗaya. Kashi na biyu rabinsu a buɗe ya ke. A Kafin Soli da Kafin Dangi, kafi shi ne shingen itatuwa da a ke kewaye gari da shi don tsaro, watau sunan yana ba da labarin zamanin da zama a fili ke da haɗari, labarin rabin na biyu kuwa a bakin dattawan garin a ke ɗaukarsa. Kashi na uku su ne masu tarko. Yashe, a ƙasar Kusada, wani zai yi sauri ya ce daga yashi ne, wani ya ce daga yashe rijiya ne. Mun ga yadda addu'a ta yaudari mutane, saboda haka kamannin sauti shi kaɗai ba hujja ba ne. Wani tarkon kuma shi ne kalma ɗaya ta zama gari ta kuma zama sarauta. Bebeji gari ne a Jihar Kano, amma Bebejin Katsina sarautar hakimin Kusada ce, mai bincike sai ya tantance wanne a ke nufi.

Matakan da muka bi su ne zan ba ɗalibai. Da farko ka ji sunan a bakin tsofaffin wurin kafin ka duba yadda aka rubuta shi. Na biyu, ka rubuta shi da baƙaƙen Hausa, da ƙugiyoyinsu, don Ƙanƙara da Kankara ba abu ɗaya ba ne. Na uku, ka rarraba shi gaɓa-gaɓa, ka duba ƙamus irin na Bargery na 1934, wanda ya adana kalmomi da yawa da suka ɓace a bakin yara. Na huɗu, ka tambaya shin mutum ne, ko wuri, ko sana'a, ko sarauta. Na biyar, ka nemi wanda ya fara amsa shi a takarda, ko a rajistar elementare, ko a takardun En'e da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, ko a wasiƙun ajami da ke cikin gafakar gidanku. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, ya nuna irin abin da a ke samu in an haɗa baki da takarda, ana auna kowanne da ɗan'uwansa.

7. Kammalawa

Akwai abin da irin wannan suna ba ya iya tabbatarwa, kuma rashin sanin haka yana jawo ɓarna. Sunan wuri ba shaidar jini ba ne. Duk wanda aka haifa a unguwar 'Yar'aduwa yana da damar amsa sunanta, ko da ba abin da ya haɗa shi da gidan Mutawalli, haka kuma masu amsa Kankiya ko Kusada ba zuriya ɗaya ba ne. Ta ɗaya gefen kuwa, na san wani gida inda wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ke amsa sunan gari, ɗaya na kaka, ƙanwarsu kuma na miji. Da mahaifinsu ya rasu, sai da suka yi watanni suna rantsuwa a kotu kafin wani banki ya yarda cewa su magada ɗaya ne. Tun da aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa a 2007, aka kuma shigo da lambar tantance masu ajiya a banki a 2014, harafi ɗaya in ya saɓa tsakanin takarda da takarda yana iya tsai da albashi ko hana yaro jarrabawa.

Saboda haka shawarata uku ce. Kowane gida ya zauna ya tsai da suna ɗaya da rubutu ɗaya tun kafin a kai yaro firamare. Kowane gida ya rubuta salsalarsa, wane ɗan wane ɗan wane, don ita ce ke riƙe nasaba da gado, sunan fom ba ya iya wannan aiki. Ɗalibanmu na Sashen Hausa kuwa, musamman 'yan Kankiya da Kusada da Ingawa, kowa in ya tafi hutu ya ɗauki ƙauye ɗaya, ya zauna da dattawansa da na'urar ɗaukar magana, ya kawo mana asalin sunan garin da na unguwanninsa. Dattawan da suka ga bishiyoyin da aka yi kwatance da su suna raguwa kowace shekara, bishiyoyin ma gatari na cin su.

 Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu amsa sunayensu da mutunci.